Fiyoni mai ninki a Legas: wa ya taɓa shukawa ya ga furensa?

Maman Hanifa, Agege
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina cigiyar waɗanda suka taɓa shuka fiyoni (peony, wata shukar fure ta ƙasashen sanyi) a nan Legas, irin mai ninkin nan da furensa ke cika dam har ba a ganin tsakiyarsa. Ƙanwar maigidana ce ta kawo min saiwa daga Ingila, irin da ake kira Sarah Bernhardt, mai ruwan hoda. Na sa a manyan tukwane da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen takin shanu. Jan tsiro ya fito gwanin sha'awa, ganye ya buɗe, shi ke nan. Ko ɗan kan fure ban gani ba, ga shi ganyen ya soma baƙi. Ina son shukar nan ƙwarai, a taimaka min.

Malam Sani mai lambu, Ikoyi
Wa alaikumus salam Hajiya. Kula da lambun gidaje ita ce sana'ata, kuma masu gida sun sha kawo min fiyoni daga Turai. Laifin ba na hannunki ba ne. Asalin wannan iri daga arewacin ƙasar Sin ne da yankin Sibiriya. Kowace shekara ganyensa yakan mutu, saiwar ta kwanta a ƙasa, kuma sai ta sha sanyin da ya gaza digiri 7 na kamar mako shida ko fiye kafin idon fure ya farka. Mu kuwa a Legas, ko a tsakiyar hunturu da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 20. Tsiron da kika gani, sanyin da saiwar ta sha a can ne ta ci guzurinsa. Baƙin ganyen kuma yawanci fumfuna ce, danshin garin nan ke kawo ta. Ki yanke duk ganyen da ya kamu ki jefar, kada ki bar shi cikin tukunyar, ki kuma daina zuba ruwa ta kan ganye.

Anti Bilki, Festac
Ni na bi ta hanyar firiji. Da ganyen ya bushe na yanke shi, na sa tukunyar a leda mai huji, na ajiye a ƙasan firiji wajen wata biyu, ba cikin firiza ba. Wahalar ita ce wuta. Duk sanda aka ɗauke sai na tayar da janareto, don in sanyin yana yankewa aikin banza ne. Da na fito da ita na ajiye inda ranar safe kawai ke samu. Ta yi 'yan kawuna, yawancinsu suka bushe tun suna ƙanana, ɗaya ya buɗe. Bai kai na hoto girma ba, amma wallahi ƙamshin da ya yi ya biya ni. Shekarar da ta biyo baya saiwar ta ruɓe a ruwan watan Yuni. Maman Hanifa, in za ki gwada, ki haɗa ƙasar da yashi mai yawa, ki kuma kai tukunyar ƙarƙashin rumfa da damina.

Dakta Maryam, Surulere
Lokacin da nake aiki a Manchesta ina da su a bayan gida. Ko a can ma shuka ce mai son haƙuri: sabuwar saiwa takan yi shekara biyu zuwa uku kafin ta yi furen kirki, kuma ba ta son a riƙa tone ta ana sauya mata wuri. Abin da ya fi hana ta fure shi ne zurfin shuka. Jajayen idanun nan na kan saiwa kada su wuce santimita 5 a ƙarƙashin ƙasa, in aka binne su da zurfi sai dai a yi ta kallon ganye. Masu ninki kansu nauyi gare shi, ruwan sama ɗaya ya isa ya kwantar da su, shi ya sa ake kafa musu zoben waya tun suna gajeru. Tururuwan da ke hawa kan furen kuwa zaƙi suke sha, ba sa ɓarna. Irin naki tsoho ne, wani mai lambu Bafaranshe, Lemoine, ya fitar da shi a 1906. Festiva Maxima, fari mai ɗigon ja, ya fi saurin fure, shi ake ba mutanen jihohin kudu na ƙasar Amurka shawarar shukawa, amma su ma suna da sanyin da ba mu da shi.

Abban Sadik, Idi-Araba
Na kai wa yayana saiwa Jos, ina ganin tunda sitiroberi na yi a can, wannan ma zai yi. Ganyen ya fi daɗewa da kyau, fure dai har yau shiru.

Hajiya Rabi mai kwalliyar biki, Lekki
Duk fiyonin da kuke gani a ɗakunan biki yankakke ne, jirgi ke kawo shi, galibi daga Holan tsakanin Mayu da Yuni. Wajen ƙarshen shekara kuma na Chile da Niyu Zilan ke shiga kasuwa. Ku zaɓi wanda bai buɗe ba amma ya yi laushi in an matsa, ku yanke gindin a karkace, ku sa a ruwan sanyi nesa da taga. Don lambu kuwa, ƙanwata, ki nemi kariya mai ninki, irin ta Tailan da ake yi wa aure. 'Yar gida ce, tana son rana, ruwa kaɗan ya ishe ta. Gadeniya, wata shuka mai farin fure, ita ma tana da cika da ƙamshi, kuma danshin Legas ya karɓe ta.

Maman Hanifa, Agege
Allah Ya saka da alheri. Na duba, idanun sun yi zurfi, na rage ƙasar yanzu. Tukunya ɗaya za ta shiga firiji idan ganyen ya gama bushewa. Malam Sani, don Allah kariyar nan, a tukunya ta fi yi ko a ƙasa?

Malam Sani mai lambu, Ikoyi
A tukunya Hajiya, mai huji sosai, rabin ƙasar yashi. Ƙasar Legas tana riƙe ruwa, gindin kariya ba ya jurewa.