Bangon rami da damina: waɗanda ya taɓa motsa musu su ba mu labari

Sabon Ɗan Kwangila:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Mun samu ɗan aikin binne bututun magudanar ruwa a wata unguwa da ke bayan garin Kano. A wasu wuraren ramin zai kai zurfin mita 3, ga shi damina ta kankama. Daga sama ƙasar ja ce mai tauri, sai diga ta yi da gaske, amma ana wuce tsayin kafaɗa sai a faɗa wa yashi mai danshi. Helumanmu ya ce tun ina goye yake haƙa irin wannan a miƙe, bai taɓa kafa ko falanki ɗaya ba. Ni dai raina bai kwanta ba. Don Allah duk wanda bangon rami ya taɓa motsa masa, na titi ne ko na zinare ko na rijiya, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani kafin ƙasa ta zo, da yadda aka yi.

Mai Katafila:
Wa alaikumus salam. Ni daga saman mota nake kallon rami, shi ya sa nake ganin abin da na ciki ba ya gani. Alamar ba a jikin bango take fara fita ba. A sama take fita, taku ɗaya ko biyu daga bakin ramin, wata siririyar tsaga mai bin tsawonsa.

Muna aikin kwalbati a wata hanyar burji, aka kwana ana ruwa, gari ya waye rana tau, saman ƙasa ya bushe. Ina ɗumama inji na hango tsagar. Na sauko na duba, tsinken tsintsiya ne kawai zai shiga. Muka karya kumallo na dawo, sai ga yatsana ya shige. Na danna hon ban ɗaga hannu ba sai da yaran suka fito kaf. Heluma ya yi ta sababi wai na tsayar masa da aiki. Ba a kira azahar ba bangon ya kwanta, ya danne injin jan ruwa da shebur ɗin da aka bari. Abin da ya fi tayar mini da hankali, babu wata ƙara. Rif, shi ke nan. Kuma daidai inda ya karye, nan aka tula ƙasar da aka kwaso, nan ne kuma tifa ke ja da baya ta tsaya tana karkarwa.

Injiniyan Hanya, Gombe:
Allah ya saka da alheri, Mai Katafila. Ɗan'uwa mai tambaya, ƙasar da ka siffanta ita ce wadda na fi tsoro: mai tauri a sama, yashi a ƙasa. Yashin ne ke zarewa a hankali daga gindi, jar ƙasar ta zauna ba abin da ke riƙe da ita, sannan ta ɓalle gaba ɗaya. Ƙasar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi tana kai tan ɗaya da rabi zuwa biyu, wato buhun siminti 30 zuwa 40. Ba sai ta rufe kai take kisa ba. In ta kai ƙirji, duk numfashin da mutum ya fitar sai ta matso ta cike gurbin, ya kasa jan wani.

Ni da ƙa'idar hukumar kare ma'aikata ta Amurka, OSHA, nake aiki, don a fili take. Ramin da ya kai mita ɗaya da rabi ba a shiga sai an kwantar da bangonsa ko an tokare shi. Ƙasar da aka kwaso a janye ta aƙalla santimita 60 daga baki, ni nakan ce a ba ta mita guda. A sa tsani kusa, kada mutum ya yi tafiyar da ta wuce mita 7 da rabi kafin ya same shi. In ƙasa hawa-hawa ce, da mafi raunin cikinta ake lissafi, kuma yashi mai tsattsafo da ruwa sai an ja bango baya mita ɗaya da rabi a kan kowace mita ta zurfi. A raminka ke nan mita 4 da rabi kowane gefe. A cikin unguwa ina za ka samu wannan fili, ga katangun mutane? Saura tokara: falankai a tsaye a jikin bango, a gindaya musu masu kauri a kwance, a tokare gefe da gefe. Inda da hali, akwai akwatin ƙarfe da katafila ke ja tana bin aikin, mutane na cikinsa.

Abin da ya fi yi mini amfani a baƙar ƙasar yankinmu, wadda mutanen Borno ke kira firki, bai ci ko kwabo ba: kada a buɗe ramin da ba za a sa bututu a rufe shi a ranar ba. Da rani ƙasar nan tsayawa take ƙyam, duk ta daddare. Ruwan farko ya bi tsagogin ya cika su, ta kumbura, ta turo bango. Rami ɗaya da aka bari ya kwana biyu a buɗe, da muka dawo ba mu gane inda layinsa yake ba.

Baban Lebura:
Injiniya, ranka ya daɗe, maganarka dutse, amma a takarda. Mu da ake biya da mita, wa zai biya mu wunin da muka ɓata muna buga katako? Ɗan kwangila shi ma kuɗinsa ba su fito ba. Ka kafa falanki da yamma, da safe ka tarar an kwashe an yi girki da shi. Kuma ga rijiyoyin ƙauyenmu, gaba goma sha, kakanninmu suka haƙa ba injiniya, har gobe suna nan.

Injiniyan Hanya, Gombe:
Baba, batun biya da mita gaskiyarka ce, kuma can matsalar take. In ba a sa kuɗin tokara cikin lissafin kwangila tun farko ba, a wuyan lebura zai ƙare. Amma rijiya daban. Zagayayye ce kuma ƙunƙunta, ƙasar da ke kewaye da ita tana tokare juna. Doguwar kwata ba ta da wannan, bangonta miƙe yake ba abin jingina. Kuma ka tambayi masu haƙar rijiya, da sun taɓa yashi ba sa ƙara taku sai sun saukar da zoben kankare.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu namu ramin na zinariya ne, kuma ba sai da damina yake kashe mutum ba. Abin da ya faru a Garin Liman, cikin ƙasar Ɗan Isa, watan Nuwamba na 2021 ne, ruwa ya riga ya ɗauke, rami ya rufta, mutum 18 sunka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Na yi aiki a filaye irin wannan, na san yadda abin yake. Kowa ya kama ɗan wurinsa ya nutsa, rami kusa da rami. In an iske jijiyar zinariya cikin dutse sai a bi ta a kwance. Kai kana tahowa daga gabas, wani daga yamma, ba wanda ya san inda ɗan'uwansa ya kai. Ginshiƙin da anka bari tsakani, in an ga ƙyalli a jikinsa, da dare wani zai zo ya ɗan sassaƙa, gobe wani ya ƙara.

Ranar da munka fita da ƙafafunmu, abin da na fara ji shi ne garin ƙasa yana zubo mini a ƙeya, siriri, ba ya tsayawa. Na haska tocila, ban ga komi ba. Sai iccen da munka tokara ya yi ƙara sau ɗaya, ƙas. Babbanmu bai ce uffan ba, ya ja igiya. Buhun dutsen da munka wuni muna sara na can har yau. Mai ramin yakan biya abinci da igiya da batir, amma ka ce masa icce, sai ya ce a bari a fara samu tukuna.

Tsohon Ma'aikacin Akuta:
Amin, ɗana. Na yi ƙuruciyata a ramin yuraniyom na Akuta kusa da Arlit, wajen mita 250 ƙarƙashin ƙasa, wanda aka rufe a watan Maris na 2021. Can akwai injuna iri-iri, amma aikin farko na kowace shiga da sandar ƙarfe ake yin sa. Doguwa ce, bakinta a fiƙe. Ka tsaya ƙarƙashin inda aka riga aka tabbatar, ka miƙa ta gaba ka bubbuga rufi. Dutse mai lafiya ƙararsa tsaf take, har ka ji sandar na rawa a hannunka. Wanda ya rabu da uwarsa kuwa sai ya amsa maka kamar ganga. Wannan ba a barinsa, a ɓamɓare shi ya faɗo kana kallo, kana da hanyar ja da baya. Bayan nan ne ake huda rufin a cusa dogayen kusoshin ƙarfe su ɗinke shimfiɗun dutse da juna, a ɗaura ragar waya inda yake marmashi. Ginshiƙi kuma safiyo ne ke zana shi a taswira, da faɗinsa da komai. Ko me ke cikinsa, ba mai taɓawa.

Na je ganin jikokina na leƙa wani filin zinare, na ga an zura injin jan ruwa mai fetur cikin rami yana aiki, yara na ƙasa. Na ce su fito da shi. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da kasala kawai mutum zai ji, ya zauna hutawa, ba zai tashi ba. Inji a sama, tiyo ne ke sauka.

'Yar Safiyo:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni a wurin fasa dutsen siminti nake, aikina awon bango. Muna kafa ƙananan madubai a matakalan ramin, na'urar awo ta riƙa harba musu haske tana faɗa mana ko sun gusa, har milimita. Jirgi maras matuƙi kuma yana ɗauko mana hoton saman, inda ƙafa ba ta zuwa. Manyan ramuka na duniya har da na'urar rada, mai gano motsi daga nesa, suke sa wa bango ido dare da rana. A ramin jan ƙarfe na Bingham Canyon da ke jihar Utah a Amurka, a Afrilun 2013, an yi ɗaya daga cikin zaftarewa mafi girma a tarihin haƙar ma'adinai, amma ko ƙwarzane ba wanda ya yi, don na'urori sun nuna bangon yana ƙara sauri, aka kwashe mutane tun kafin ya zo.

Kalmar ke nan, sauri. Ba faɗin tsaga ne abin dubawa ba, yadda take ƙaruwa ne. Kuma wannan ba ya buƙatar rada. Kafa turke biyu, ɗaya kowane gefen tsagar, buga ƙusa a kan kowanne, auna tsakaninsu da tef safe, rana da yamma, rubuta a takarda. In awon yau ya fi na jiya, na yamma ya fi na safe, a fita.

Sai dai ku sani ba kullum ake tafa wa mai awo ba. Na taɓa sa an janye motoci daga ƙarƙashin wata matakala, bangon ya ƙi faɗuwa. Mako ya zagayo yana tsaye, manaja na wucewa yana harara ta. Ƙarshe daga sama aka sa katafila ta rage masa kaya, aka yanka ƙaramar kwata a bayansa don ruwan sama ya bi wani wuri. Daga ranar alƙaluman suka tsaya cak. Har yau akwai masu cewa asarar mako na jawo.

Ɗan Bukur:
Mu a Filato ruwan da ke kashe mu ba na sama ba ne kawai, na tsofaffin tafkunan kuza ne da kamfanonin zamanin Turawa suka bari. Kana cikin loto, wato ramin ƙarƙashin ƙasa, kana bin kuza a kwance, ba ka san ka doso gindin tafki ko tsohon ramin wani da ya cika ba. Abin da na gani: bango ya fara gumi, wurin ya yi sanyi, sai ɗan tsattsafo. Muddin ruwan garau yake, muna ja da inji muna lura. Ranar da ya koma ruwan kunu, to ƙasa yake ɗebowa daga ciki, ƙofa yake buɗe wa kansa. Ranar ko guga ba mu tsaya ɗauka ba. Tun abin da ya faru a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a Yunin 2024, inda rami ya rufta da mutane bayan ruwa mai yawa, ƙungiyarmu ta ce in an kwana ana ruwa ba mai sauka sai an wuni an gani. Wasu na bi, wasu na zagayewa.

Mai Katafila:
Na manta abu ɗaya. In har rami ya rufta da wani, mutane ni suke fara rugowa wa, a kawo katafila. Ba na sa haƙoran bokiti inda ake zaton mutum yake, kuma ba na matsawa bakin ramin, nauyin motar kaɗai ya isa ya kawo sauran bangon. Daga nesa nake rage ƙasar gefe, in kashe inji a saurara. Wajen mutum sai shebur, in an kusa sai hannu. Kuma kada kowa ya duro ciki don tausayi kafin a tokare, bangon da ya karye sau ɗaya yana da saura.

Ma'aikaciyar Jinya:
Sannunku da ƙoƙari. In an ciro mutum, a fara share masa baki da hanci da ƙirji, kada a fizge shi da igiya ta hammata, ƙila akwai karaya a baya. Sannan ko ya miƙe yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a ranar, musamman in ƙasa ta daɗe a kan cinyoyinsa. Naman da aka danne yana sakin wasu abubuwa cikin jini bayan an ɗage nauyin, su je su toshe ƙoda, wani lokaci su taɓa bugun zuciya. An taɓa kawo mana wani matashi kwana biyu bayan an tono shi, da ƙafarsa ya koma gida a ranar, 'yan'uwa har sun yi sadaka. Abin da ya sa suka kawo shi, fitsarinsa ya ragu kuma ya yi duhu. Ku gaya wa ma'aikatan asibiti tsawon lokacin da ya yi a danne da kuma inda ƙasar ta kama shi, don da wannan ake sanin yawan ruwan da za a ɗaura masa da gwajin jinin da za a fara yi.