Otomat ɗin injinmu na ƙulla gari ya tsufa, a sauya shi ko a ci gaba da lallaɓawa?

Mai Gyara Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina aiki a wata ƙaramar masana'anta nan Damagaram, muna zuba garin gero da na masara a leda mai kilo ɗaya. Injin na hannu ne, daga Turai aka sayo shi, kuma otomat ɗin, wato ƴar kwamfutar da ke tafiyar da shi, Siemens S5-95U ne. Shi ke sa a ja leda, a auna gari, a liƙe baki, a yanke.

Tun shigowar bazara yake mana wasa. Ana tsakiyar aiki da rana sai jar fitilar STOP ta kama, komai ya tsaya cak, leda rabi cike ta maƙale tsakanin ƙarafan liƙi har ta narke. Sai mun kashe kuran, mun buɗe akwatin ya sha iska. Fitilar batir ma ta soma kamawa. Ba mu da kwafin furogiram ɗin, wanda ya kafa injin ya daɗe da barin ƙasar. Maigida ya ce in sauka Kano in nemo irinsa na hannu mu maƙala. Ni hankalina ya fi kwanciya da mu sauya zuwa S7-1200, otomat ɗin Siemens na zamani. Me kuka gani?

Tsohon Injiniya, Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin maganar saye, daina kashe masa kuran ɗin nan. In furogiram ɗin a RAM kaɗai yake, wato ma'ajiyar da ke gogewa in ba wuta, batirin ne ke riƙe da shi duk lokacin da wuta ta ɗauke. Ranar da batirin ya ƙarasa mutuwa za ka kunna ka tarar da akwati fanko, kuma ko sabo fil ka kawo daga Kano bai san yadda ake ƙulla gari ba. Duba ramin da ke gaban otomat ɗin, ka ga ko akwai ɗan katin EPROM a ciki, wanda ke riƙe furogiram ko ba wuta. Batirin kuma ka sauya shi otomat na kunne, kada a kashe.

Sannan ka nemi mai STEP 5, manhajar rubuta furogiram ɗin S5, da kebul ɗin TTY, mai shiga bakin nan mai ƙafa 15, ya kwashe maka furogiram ɗin a kwamfuta. Abin da zai fito ba suna ba bayani, sai lambobi irin su E 32.0 da A 32.1, don sunayen suna can cikin kwamfutar wanda ya rubuta. Saboda haka ka ɗauki littafi da biro, ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya: wannan ta idon da ke ganin baƙin tabo a gefen leda ce, wannan ta bawul ɗin iska mai rufe ƙarafan liƙi ce. Aikin gajiya ne, amma ko wace hanya kuka bi sai kun yi shi.

Ɗan Zango:
Malam, ni ina bayan maigidanka. Ka ma tabbata otomat ɗin ne ke da laifi? Auna 24 volt ɗin da ke ba shi wuta lokacin da rana ta take. Sau da yawa nan ciwon yake. Ka duba fankar akwatin kuma, a gidan gari matacinta kan toshe har ya zama kamar tuwo. Kuɗin sauyi ba wasa ba ne.

Hajiya Mai Otomatizim:
Gaskiyar Ɗan Zango a kan fanka, a gyara ta yau. Amma S5 tun 1979 aka fito da jerinsa, kamfanin ya daɗe da daina ƙera shi, kuma na Kano ɗin sa'an naka ne, ba wanda ya san zafin da ya sha.

In za ku sauya, ga inda mutane ke tuntuɓe. Akwai manhajar da ke juya furogiram ɗin S5 zuwa S7, amma zuwa harshen furogiram da ake kira STL take juyawa, S7-1200 kuwa ba ya karɓar STL. Dole a sake rubutawa a TIA Portal, manhajar da ake rubuta wa S7-1200 furogiram da ita. Wani zai ce to a sayi S7-300 mana. Kada ka yarda, shi ma tun Oktoba 2023 Siemens ta sa shi a layin ritaya. Ka ƙirga wayoyinka kuma: 95U na da mashiga 16 da mafita 16, S7-1200 samfurin 1214C kuwa 14 da 10 ne, sai an ƙara masa modul.

Ku haɗa sabon a kan faranti daban, ku gwada shi da fitilu da maɓallai a tebur, ranar Juma'a da ba aiki a mayar da wayoyin. Tsohon a bar shi ɗaure a wurinsa har sabon ya nuna halinsa. Jan maɓallin tsayar da injin na gaggawa kuma ya yanke wuta ta rilensa, wato makunnin lantarki nasa na kansa, kada a bar shi a hannun furogiram.

Mai Gyara Garin Malam:
Allah ya saka da alheri. Baba Injiniya, na duba, ramin ba kati, ƙura ce kawai. Na sa wa akwatin fanka ta tsaye, na kuma gaya wa mai gadi in kuran ya ɗauke ya tada gurup, wato janareto, ko tsakar dare ne. Wa ke da kebul ɗin TTY tsakanin Damagaram da Maraɗi? Kuɗin mota a kanmu.

Tsohon Injiniya, Maraɗi:
Nawa na nan, da tsohuwar kwamfutar da ke karanta shi. Batirin fa, ka samo shi kafin in iso.