Hoton babban masallacin Garwa da dare: hasumiya fara fat, sama baƙi ƙirin

Sabon Hannu:
Salamu alaikum. Idan aka ɗauki hoton babban masallacin Garwa da ke Kamaru bayan isha'i, fitilu sai su ƙone hoton, sama kuma ba a ganin komai, ga dishi-dishi. Laifin kyamara ne ko na saiti?

Mai Situdiyo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, laifin lokaci ne. Bayan isha'i tazarar da ke tsakanin hasken fitila da duhun sama ta fi ƙarfin kyamara. Ka kafa kayanka kafin magariba. A nan rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, shuɗin sama kuma bai fi minti 20 zuwa 25 ba, sai duhu ya rufe.

Ɗora kyamara a kan ƙafa uku, wato maɗorinta mai ƙafafu uku. ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 100, buɗewar lens f/8, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga) daƙiƙa 2 zuwa 8, kana ƙarawa yayin da duhu ke shigowa. Sa taima ta daƙiƙa 2, domin danna maɓalli kaɗai ya isa ya girgiza hoto. Kashe na'urar hana girgiza ta lens. A kan ƙafa uku ita ce ke kawo motsin. Fokas da hannu, a kan gefen hasumiya. Auna haske a bangon da ya fi haske, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba: duhu ana ɗago shi a kwamfuta, farin da ya ƙone kuwa ya tafi ke nan.

Ƴar Marwa:
Malam ya gama magana, sai dai hunturu. Ƙura na sa kowace fitila ta yi rawani. Kada ka kunna filasha, ƙurar da ke gaban lens za ta haska, hoto ya cika da ɗige-ɗige. Hura ƙurar da ke kan lens tukuna kafin ka goge, in ba haka ba ka karce gilashin. Mai waya ya shiga Pro, wurin saita kyamara da hannu, ISO mafi ƙasa, shata 1/4 zuwa daƙiƙa 1, ya jingina ta da katanga.

Baban Gida:
Kada a kafa ƙafa uku a kan gadar kogin Binuwai. Tirela na wucewa gadar ta yi rawa, hoton ya lalace. Gada ma wuri ne da jandarma ba sa wasa da shi, a tambaya tukuna.  Masallaci ma a gaida masu kula da shi, a kauce wa ƙofa lokacin sallah.