Da me manoman Yad Mordekai suka tare sojojin Masar kwana biyar?

Manomin Batsari:
Assalamu alaikum. Ni mutumin wani ƙauye ne a yammacin Batsari, amma damina uku ke nan ina ɗakin haya a Katsina, wajen Ƙofar Guga. Rabona da gonata tun daren da aka shigo mana aka kore min shanun huɗa biyu. Jiya ƙanena mai karatun tarihi ya ba ni labarin da ya hana ni barci. Wai a 1948, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, akwai wani ƙauyen noma na Yahudawa, Yad Mordekai, arewa da Gaza, masu riƙe da bindiga a cikinsa wajen 130 ne kacal, amma suka tare sojojin Masar masu igwa da tankokin yaƙi da jiragen sama har kwana biyar. Don Allah masana, haka ne? Da me suka yi? Mu dare ɗaya ba mu iya ba, alhali a kan babura aka zo mana.

Tsohon Malamin Tarihi, Daura:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, ɗana. Labarin gaskiya ne, sai dai ƙanenka ya rage maka wasu wurare. An kafa ƙauyen a 1943, irin wanda suke kira kibbuz, kamar gandu ne babba, noma tare, ci tare. Sunan Mordekai Anilewiz suka sa masa, wanda ya jagoranci boren Yahudawan Warso, babban birnin Poland, a kan 'yan Nazin Jamus. Yana kan hanyar bakin teku da ta tashi daga Gaza ta yi arewa, shi ya sa Masar ba ta so ta wuce ta bar shi a bayanta.

Kada ka ɗauka da fartanya suka fito. Sun samu horo a Hagana, ƙungiyar mayaƙan Yahudawa ta lokacin, akwai kuma mayaƙan Falmak, zaratan Haganar, wajen 20 tare da su. Tun kafin yaƙi sun haƙa gwalalo mai haɗe wuraren tsaro, sun kewaye gari da waya mai ƙaya, yadda mutum zai je ko'ina ba tare da ya ɗago kai ba. Daren da za a wayi gari da hari kuma suka kwashe yara cikin motoci masu sulke. An fara ranar 19 ga Mayu. Kuma fa a ƙarshe garin ya faɗi. Harsashi ya ƙare, an kashe musu mutum 26, suka sulale cikin dare wayewar 24 ga wata ɗauke da masu rauni. Ribarsu kwanakin nan ne, don kafin Masarawa su kai Isdud, wani gari a can arewa kan hanyar, mayaƙan Isra'ila sun riga sun shirya musu, a nan tafiyarsu ta tsaya.

Maman Fadila, Ƙofar Ƙaura:
Malam, a gafarce ni, amma ba zan iya karanta wannan in yi shiru ba. Dab da ƙauyen nan akwai garin Falasɗinawa, Hiribya, su ma manoma ne. Kafin shekarar ta ƙare sun zama 'yan gudun hijira a Gaza. Mutanen Majdal ma haka, garinsu yanzu Ashkelon ake ce masa. Kimanin Falasɗinawa 700,000 ne suka rasa gidajensu a yaƙin nan, kuma ba a bar su sun koma ba.

Tsohon Malamin Tarihi, Daura:
Gaskiyarki, 'yata, ba ki faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Tambayar da aka yi kawai na amsa.

Manomin Batsari:
Na gode Baba Malam, na gode Hajiya. Wallahi maganar kwashe yaran nan ce ta tsaya min a rai. Mu ma mun ji raɗe-raɗi kwana biyu kafin a zo, a kasuwa aka faɗa, muka ce Allah ya kyauta muka koma gida. Da harbi ya tashi, na saɓa 'yata mai shekara huɗu a wuya na kutsa cikin dawa, ganye yana yankar fuskarta, na toshe mata baki da tafin hannuna har ta cije ni. Tabon yana nan. Tsohuwata kuwa a bayan rumbu ta kwana, don ba ta iya gudu. Da mun kai su Batsari tun da rana, da ko ba mu tare kowa ba zuciyarmu ɗaya ce.

Hajiya, da na karanta naki sai na ga ashe na fi kama da mutanen Hiribya. Baba Malam, su na Yad Mordekai sun koma kuwa?

Tsohon Malamin Tarihi, Daura:
Sun koma a watan Nuwamba na shekarar, bayan sojojin Masar sun ja da baya. Tankin ruwansu da igwa ta kayar ma ba su ɗauke shi ba, yana nan kwance har yau.

Manomin Batsari:
Wata shida ma bai cika ba ke nan. Ni jiya wani maƙwabcinmu da ya leƙa ƙauyen ya ce min sabara ta cinye gonar, ɗorawar da ke tsakiya kawai ya gane ta da ita.