Muhawara: Ganin ɗan takara a Umra ya isa shaida?

Alhaji Direba, Makka: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ya bugo daga gida yana tambaya ko su sake zaɓen ɗan majalisar tarayyarmu, na ce su dangwala masa ido rufe. Ina nan a kan bakata, mu da ke nan mun fi na gida sanin 'yan siyasa. Su a fosta suke ganinsu, mu kuwa goman ƙarshe na azumi duk nan suke tarewa. Mutumin nan ni na ɗauko shi daga filin jirgin Jidda. Na gan shi yana kuka a Multazam, na ga yana raba wa masu shara riyal. Mai tsoron Allah haka ba zai ci amana ba.

Hajiya Mai Abinci, Jidda: Wa alaikumus salam. Alhaji, masu shara kaɗai aka ba riyal ɗin, ko har da direba?

Alhaji Direba: Hajiya, gumina na ci, ba cin hanci ba.

Ɗalibi, Madina: Baba, ka yi haƙuri in sa baki. An ruwaito cewa wani ya zo yana wanke mai ba da shaida a gaban Sayyidina Umar. Umar ya tambaye shi: maƙwabcinka ne da ka san shigarsa da fitarsa? Ya ce a'a. Kun taɓa tafiya tare? A'a. Cinikin dinari da dirhami ya taɓa haɗa ku? A'a. Sai Umar ya ce masa to ba ka san shi ba.

Alhaji Direba: Allah gafarta Malam, ai ka kawo mini hujja da kanka. Na yi tafiya da shi, Makka zuwa Madina, fiye da kilomita 400 a mota ɗaya.

Ɗalibi: Yana baya cikin sanyin mota yana barci, Baba. Saura dinari da dirhami, kuma nasa na jama'a ne.

Injiniya, Riyad: Nan ne gizo ke saƙar. Kawu, kukansa tsakaninsa ne da Ubangijinsa, ba mu da ma'aunin wannan. Akwai dai abin da ake iya dubawa. Duk ɗan takara yana cike fom ɗin INEC mai suna EC9, ya rantse a kan shekarunsa da makarantun da ya yi. Dokar zaɓe ta 2022, sashe na 29, ta ce hukumar ta liƙa bayanan a mazaɓarsa cikin kwana 7 da karɓa, kuma kowa na iya biyan kuɗi ya nemi kwafi a ba shi cikin kwana 14. Da wannan dokar aka yi zaɓen 2023. Ƙaninka ya taɓa leƙa ofishin INEC na ƙaramar hukumarku?

Hajiya Mai Abinci: Ɗana, takarda ma ai ƙarya take yi. Ina Kano a 1999 lokacin Salisu Buhari. Da takarda ya zama kakakin majalisa.

Injiniya: Da takarda kuma aka kama shi, Hajiya. Ya ce shekararsa 36 alhali 29 ce, ba ta kai 30 da tsarin mulki ya gindaya a lokacin ba, ya kuma ce ya yi Jami'ar Toronto. Mujallar The News ta bi diddigi, a watan Yuli ya sauka yana hawaye. Ki duba Bayelsa ma. Ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe rantsar da David Lyon gwamna, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa saboda takardun mataimakinsa, aka rantsar da Douye Diri. Ƙaryar da aka rubuta ana iya riƙe ta a hannu a kai kotu. Ta baki fa?

Baba Dattijo, Shara Mansur: Yara, ni abin da ke ba ni mamaki, ba mu da ƙuri'a ko ɗaya. Doka ba ta ba mazauna waje damar zaɓe daga inda suke ba, iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya, ce a aljihunmu ba katin zaɓe ba. Wannan kace-nace na mene ne?

Malamar Jinya, Dammam: Baba, saboda mu ke aika kuɗin cefane, idan muka ce a zaɓi wane sai gida guda ya bi. Kuma mu ne kan gaba wajen tura saƙon murya da ba mu san mai shi ba. "Wani na kusa da gwamna ya tabbatar mini." Wane ne shi? A Janairun 2023 BBC ta fallasa yadda jam'iyyu ke biyan masu tasiri a soshiyal midiya a ɓoye su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya. Yanzu idan hoto ya zo mini sai na neme shi a Google in ga ko tsoho ne, ko in duba Dubawa, masu tantance labarai, waɗanda tun 2018 aikinsu ke nan.

Alhaji Direba: 'Yata, su Dubawan wa ke biyansu? Ba Turawa ba? Sannan ƙanena manomi ne, bai jin Turanci. Ku 'yan boko kun iya aika mutum inda ba zai iya zuwa ba.

Ɗalibi: Tambayar wa ke biya tana kan hanya, Baba, amma a yi wa kowa ita. Sojojin baka da ke cika rediyon Kano da dare, jam'iyya ke sayen lokacin. Bambancin shi ne mai tantance labari yakan nuna inda ya samo, ka bi sawu da kanka. Sojan baka rantsuwa kawai zai yi maka. Ayar Suratul Hujurat ta ce a bincika labari, ba ta ce sai labarin da ba mu so ba.

Malamar Jinya: Batun Turanci kuwa gaskiyarka ce. BBC Hausa ta shirya muhawarar 'yan takarar gwamna a Kano da Hausa, amma ɗan majalisa cikin 360 wa zai zaunar da shi? Sai dai a je da ƙafa. An daɗe ana ware naira biliyan 100 a shekara don ayyukan mazaɓu. Ɗan majalisa ke ba da sunan aiki, wata ma'aikata ta bayar da kwangila. Tracka na ƙungiyar BudgIT, masu bin diddigin kasafi, suna fitar da jerin ayyukan gari-gari, hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ma tun 2019 take bin sawun ayyukan. Injiniya ya ciro na mazaɓarku, mu karanta wa ƙaninka a waya, ya hau babur ya je ya gani. Wannan ba ya bukatar boko.

Hajiya Mai Abinci: A ƙauyenmu allon ya fi rijiyar daɗewa. Har yau yana tsaye da hoton mai girma, famfon ko wata bai yi ba.

Injiniya: Kada dai in yi muku romon baka, takardun ma suna da iyaka. Bayanin kadarorin da suke miƙa wa hukumar ɗa'ar ma'aikata ba a buɗe yake ga jama'a ba, ko da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 an sha nema an hana. Kuma dokar 2022 ta taƙaita ƙarar bayanan ƙarya ga wanda suka kara a zaɓen fid da gwani, alhali a da kowa na iya kai ƙara. Ko ƙaninka ya gano, iyakarsa ya hana ƙuri'a ya gaya wa maƙwabta.

Baba Dattijo: To ai maƙwabtan nan su ne akwatin.

Alhaji Direba: Ciro jerin, Injiniya. Amma ku shaida, idan aka tarar rijiyoyin na ba da ruwa, kai da Malam za ku nema masa afuwa a nan.

Injiniya: Idan suna ba da ruwa sai a ƙirga su, Kawu. Kasafi ya ce goma aka ga uku, ina bakwai? Turo mini sunan ƙaramar hukumar da mazaɓar.

Alhaji Direba: Sai bayan Isha'i, ina da alhazai zuwa Tan'im.