Bindigar da mahaifi ya bari, shin lasisinta na bin gado?

Ɗan Rima:
Assalamu alaikum. Masana doka ku taimaka. Idan mahaifi ya rasu ya bar bindiga mai baki biyu da littafin lasisinta, ɗiyansa na iya ci gaba da riƙe ta? Gonarmu na wajen Wurno, kun san halin da ake ciki. Wasu na cewa tunda tsarin mulki ya yarda mutum ya kare ransa, riƙe bindiga ma haƙƙi ne. Mine ne gaskiyar wanga zance?

Barista Usman:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, lasisi ba gona ba ne, ba a gadonsa. Sunan mutum guda ke kansa, da lambar bindiga guda. Dokar Makamai ta 1959 ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 kacal daga ranar rasuwa. Bayan haka bindigar ta zama marar lasisi, ko da littafin na cikin akwati.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu: bindiga mai sarrafa kanta, bindigogin soja irin masu cin harsashi 7.62 kamar AK-47, da fistol kowace iri. Waɗannan Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininsu, kuma hukuncin riƙe su ba izini bai kasa shekara 10 ba. Kashi na biyu su ne na amfanin kai: mai baki ɗaya, mai baki biyu, bindigar farauta da bindigar iska. Lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, rashinsa kuma na iya kai mutum ɗaurin shekara 5. Taku nan ta faɗa. Na uku su ne waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, wato bindigar toka ko adaka, kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke da ta cewa a kansu.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne bindigar da ake kira famfo, wadda ake jan hannunta ta ɗora wani harsashi. Kamanninta na ta farauta ne, amma dokar ta fitar da duk mai na'urar sake ɗora harsashi daga kashi na biyu, abin da bai shiga na biyu ko na uku ba kuwa ya koma na farko. Haka yanke bakin bindiga ya kasa inci 20 don ta shige cikin riga, shi ma laifi ne mai zaman kansa.

Batun haƙƙi kuwa, sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya amince da kare kai da dukiya, amma bai ce a mallaki bindiga ba. Amurka ce ta rubuta haka cikin gyara na biyu na tsarin mulkinta a 1791, kotun ƙolinsu kuma ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙin kowane mutum ne. Mu namu dokar cewa ta yi ba wanda ya cancanci lasisi a matsayin haƙƙi, alfarma ce da hukuma ke iya bayarwa ko hanawa.

Baba Sufeto:
Barista ya gama da doka, ga abin yi. Kada ka saɓa ta a babur ka nufi caji ofis. In aka tare ka a shingen bincike tsakanin Wurno da gari, ba mai sauraren "ai kai ta zan yi". Ka fara rubuta takarda zuwa ga Kwamishina ta hannun DPO na yankinku, ka haɗa kwafin lasisi, takardar shaidar rasuwa, lambar da ke jikin bindigar da adadin harsashin da ya rage. Su za su faɗi ranar kawowa ko su turo a ɗauka. A kai ta ba harsashi a ciki, wurin ɗurinta a buɗe, harsashin a wata jaka daban. Kada ka baro wurin ba da rasit mai ɗauke da lambar bindigar da sa hannun mai kula da ma'ajiyar makamai ba. Wannan 'yar takardar ita ce garkuwarka in lambar ta ɓullo a wani bincike nan gaba.

In kana son lasisi da sunanka, doka ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Sai dai ka sani a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka ta bayan gida, takardar bogi zai miƙo maka, laifi ya zama biyu.

Malam Sani Goronyo:
To Barista, mai bin doka a kwance masa makami, ɗan bindigar daji na yawo da AK ba ya neman sa hannun kowa. Ba banza ba Masari ya ce wa mutanen Katsina su kare kansu a 2021, Matawalle ma a watan Yunin 2022 ya ce 'yan Zamfara su nemi lasisi. Gwamna ba ya faɗin haka sai tura ta kai bango. Ƙauyen da ɓarayi suka san akwai bindiga goma ba su shigarsa kamar wanda ba ko gora.

Barista Usman:
Malam Sani, zafin da ke ranka gaskiya ne, amma maganar Matawalle ba ta haifi lasisi ba. Makamai da harsasai na cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, shi ya sa Janar Lucky Irabor, babban hafsan tsaro na lokacin, ya ce gwamna ba shi da ikon ba Kwamishina wannan umarni.

Kuma ka auna ƙarfin. Mai baki biyu harbi biyu take yi a tsaya ɗuri, ƙwayoyinta ba su da wani tasiri bayan mita 40 zuwa 50. AK na ɗaukar harsashi 30, tana kai mita 300. Sau da yawa ma labarin akwai bindiga a gida shi ke jawo ɓarayin, don ita suke zuwa ɗauka. Ga kuma abin da kai ka fi ni sani: kisan da 'yan sa-kai suka yi a kasuwar Mamande ta Gwadabawa a watan Oktoban 2021, sai harin kasuwar Goronyo ya biyo baya, aka rasa mutum sama da 40. Bayan haka ne Tambuwal, gwamnan Sakkwato na lokacin, ya haramta 'yan sa-kai. Hanyar da ta rage a buɗe ita ce rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Ahmad Aliyu ta ƙaddamar a 2024, inda akwai rajista da horo da wanda za a tuhuma in an yi ɓarna. Ko ta wadatar, wannan wata muhawara ce.

Ɗan Rima, in kwana 14 sun riga sun wuce, ka sa lauya ya rubuta takardar, ya faɗi ranar rasuwa yadda take, kuma ya raka ka ranar miƙawa.