Jajayen ɗigo a jikin sauro, me ke nan?

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara. Gidanmu bakin tafki yake, kainuwa ta rufe ruwan ruf. Jiya na kashe sauro a cikin gidan sauron yara, da na haska da fitilar waya sai na ga wasu jajayen ɗigo kamar garin barkono manne a cikinsa. Na taɓa da tsinke, ba jini ba ne. Suna cizon mutum? Hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Fadama: Ikon Allah, ashe sauro ma yana da kaska! Ya ɗanɗana abin da yake mana.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam Hajiya, kwantar da hankalinki. Ɗan Fadama bai yi nisa da gaskiya ba, dangin kaska da gizo-gizo ne, amma na ruwa. Jariransu kika gani, masu ƙafa shida. Ruwan jikin sauron suke tsotsa, mutum ba abincinsu ba ne.

Kuma suna da zaɓi. Jinsin Arrenurus, da nake kyautata zaton shi ne naki, ya fi kama sauron ruwan da ba ya ƙafewa, irin su Anopheles mai kawo maleriya, da Mansonia. Shi Mansonia tsutsarsa a saiwar kainuwa take maƙalewa tana shan iska, kin ga tafkinku gidansa ne. Ƙwaron yana laɓewa a jikin tsutsar sauro lokacin da ta kusa rikiɗa, sauro na fitowa sai ya haye shi. Idan macen ta koma ruwa saka ƙwai, ya sauka. Shi ya sa masu bincike a Entebbe ta Yuganda, tun wajen 1957, suka riƙa gane macen da ba ta taɓa ƙwai ba ta wurin ganin su. Sauron randa da tsohuwar taya kuwa da wuya ki same su a jikinsa.

Ɗan Fadama: To Malam, mu kiwata su mana su gama mana da sauro.

Malamin Kimiyya: Idan sun yi masa yawa suna rage masa ƙwai da tsawon rai, amma yana tashi da su ya yi cizo lafiya lau.

Anti Nas: Hajiya, ni tambayata ɗaya: ta ina sauron ya shiga gidan sauron? Ki duba huda, ki riƙa cusa bakinsa ƙarƙashin katifa.

Maman 'Yan Biyu: Na duba Anti, wajen ƙafa ne ya yage. Bari in ɗauko allura. Na gode Malam.